Yadda Za Ki Tsara Abincin Wata Guda In Ke Kaɗai Ke Riƙe Da Yara

Tun ranar da na faɗa a wajen wani suna a Unguwar Rogo, nan Jos, cewa ni sau ɗaya nake babban cefane a wata kuma yana kai mu, ban huta ba. Wannan ta tare ni a Islamiyya, waccan ta aiko 'yarta, kowa tambayarta ɗaya, wai Maman yara ya kike yi? Toh ga shi na zauna na rubuta gaba ɗaya yadda nake yi, ni da yara uku, babu miji a gida, ɗinki ne sana'ata. Wadda mijinta ya rasu da wadda aure ya mutu duk tukunya ɗaya muke kallo, don haka kowa ta ɗauki abin da zai mata amfani.

Abu ɗaya nake so ki riƙe kafin mu fara: abin da ke cinye kuɗin mace irinmu shi ne cefanen kullum, ƙullin manja yau, gwangwanin shinkafa gobe, magi na ɗari jibi. Kina ganin kamar kaɗan kaɗan ne, amma in kika tara na wata sai kin riƙe baki.

1. Fara sanin kuɗin da ke hannunki da gaske

Samu littafin makaranta mai arha da biro. Na sati ɗaya kada ki canza komai, ki ci gaba da cefane yadda kika saba amma ki rubuta duk abin da ya fita, har kuɗin tara na yara da kuɗin niƙa da na keke zuwa kasuwa. Ranar bakwai ki haɗa ki ninka sau huɗu. Wannan shi ne abin da kike kashewa yanzu.

Sai ki rubuta abin da ke shigo miki a wata, wanda kika tabbata da shi. Ki cire haya (ki raba ta shekara gida 12), kuɗin makaranta, sabulu, ruwa, abin da ya rage shi ne na abinci.

Gargaɗi: kuɗin da baban yara ko dangin marigayi suka ce za su turo, kada ki sa shi a lissafi sai ya shigo hannu. Ciyar da yara haƙƙi ne a kan uba, wannan babu gardama, ki nema ta hanyar manya ko ta kotu in ta kama, amma tukunyar yau ba ta jiran alƙawari. In ya shigo ki sayi abin da yake ajiyuwa da shi, wake ko masara.

2. Raba kuɗin gida biyar tun ranar da ya shigo

Farashi a kasuwa ba ya zama wuri ɗaya, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ja komai sama, shi ya sa ba zan ce miki mudun kaza naira kaza ba ne. Rabon shi ne abin riƙewa. A ce misali naira 80,000 ce ta rage miki ta abinci:

Rabi, wato 40,000, na tsaba ne: masara, shinkafa, wake, gero, waken suya.
10,000 na mai da kayan miya masu ajiyuwa: manja, man gyaɗa, gishiri, magi, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, barkono.
10,000 na wuta: gawayi ko gas.
16,000 na ɗanyen kaya, 4,000 kowane sati.
4,000 ki ɓoye, ta baƙo ce ko ranar da yaro ya kwanta ba ya cin komai sai shayi da burodi.

In naki 40,000 ne ki raba kowanne biyu, in ya fi haka ki ƙara a ɗanyen kaya da ƙwai. Kuɗin ɗanyen kaya na sati huɗun nan ki ƙulle kowanne daban, ni a leda huɗu nake sawa cikin tsohuwar kula a bayan kwanuka. Kada ki bar shi a asusun waya, domin kuɗin da ke waya kati da data da anko ne ke cinye shi.

Mai sana'ar da kuɗi ke shigo mata kullum, mai awara ko kitso ko ɗinki irina, ba ta da ranar albashi. Ki ƙirƙiro wa kanki ita da adashe. Ki zuba kullum, ki roƙi uwar adashe ta sa kwasarki ta faɗo ƙarshen wata, ranar da kika kwasa washegari ki wuce kasuwa kafin wani ya zo da matsalarsa.

3. Auna cikin gidanki da gwangwani

Wannan matakin ne mata suka fi tsallakewa kuma shi ne ginshiƙin abin. Ɗauki gwangwanin madara guda ɗaya ki mai da shi ma'aunin gidanki, kada ki ƙara ɗiban hatsi da hannu ko da kwano "yadda ido ya gani". Kwana uku ki lura gwangwani nawa ke ƙosar da ku babu saura babu ƙorafi.

A gidana shinkafa gwangwani 3 ce ke isar mu huɗu, in da wake ne shinkafa 2 wake 1. Garin tuwo gwangwani 4 da dare, saboda da gangan nake yin ya kwana a yi ɗumame. Mudun da nake saye yana ba ni gwangwani 8 zuwa 9, ke ma ki auna naki ranar da kika dawo kasuwa domin mudu mudu ne amma ba kowane mai awo ke cika shi ɗaya ba.

Daga nan lissafi ya zama mai sauƙi. Tuwo dare biyar a sati gwangwani 20 ke nan, kusan mudu biyu da rabi, a wata mudu 10. Shinkafa sau uku a sati wajen mudu 4 a wata. Wake mudu 4 ko 5, gero 3, waken suya 2. Kinga yanzu in kin shiga kasuwa kin san abin da ya kai ki.

Gargaɗi: masara tana raguwa in aka surfe ta, dusa ta fita. Ki ƙara mudu ɗaya ko biyu a kan lissafinki, ko ki riƙa niƙa wani ɓangare ba surfe, tuwon bai kai fari ba amma ya fi riƙe ciki. Kuma ki karɓo dusarki a wajen mai inji, masu kiwo suna saye.

4. Rubuta jadawalin sati, ki manna a bangon kicin

Ba sai kin yi na kwana talatin ba, na bakwai ya isa, ki riƙa maimaitawa. Ki fara cike daren domin shi ne babban girki, sai rana, safe kuma yawanci daga ragowar dare yake fitowa. Ga nawa na wannan lokacin:

Litinin: safe kunun gyaɗa, rana shinkafa da wake da mai da yaji, dare tuwon masara miyar kuka.
Talata: safe ɗumame, rana faten dankalin turawa da kabeji, dare tuwo miyar kuɓewa.
Laraba: safe koko da ɗumame, rana ɗanwake, dare gwate.
Alhamis: safe kunu, rana faten wake, dare tuwo miyar alayyahu da gyaɗa.
Juma'a: safe ɗumame, rana dafa-duka da busasshen kifi, dare tuwo miyar karkashi ko kuka.
Asabar: safe ƙosai da koko tunda babu makaranta, rana dambun tsaki da zogale, dare tuwo.
Lahadi: safe awara, rana shinkafa da miya, dare abin da ya rage ko kwaɗon zogale da ƙuli.

Ki lura kusan kullum akwai wake ko gyaɗa ko waken suya ko kifi a wani wuri, da ganye. Su ne ke tsaya mana a madadin nama. Nama sau ɗaya a sati in da hali, ranar Juma'a ko Lahadi, kuma ni ƙashi da kayan ciki nake saye don romon ya shiga miya. Ƙwai biyu in kika fasa a cikin miyar dankali ya ratsa mutum huɗu, in kika soya ɗaiɗai kuwa ba zai kai ko'ina ba.

Gwate kam mu mutanen Jos Allah ya ba mu. Tsakin masara ko acca kaɗan, yakuwa, alayyahu, gauta, ɗan wake, daddawa, tukunya ta cika fal kuma a sanyin nan babu abin da ya fi shi. Acca ta fi masara tsada, don haka tsaki nake sawa, accar sai in an kawo min daga ƙauye.

Gargaɗi: taliyar leda ta yara ba ta cikin jadawalina kuma da gangan ne. Yaro ɗaya sai ya ci biyu, bayan awa ɗaya ya dawo yana jin yunwa. Kuɗin guda shida zai sayi waken da za ku ci ku kwana da shi.

5. Babban cefane: ina, yaushe, kuma da wa

Tsaba a Katako nake saye, ɗanyen kaya a Farin Gada, wadda ke ɓangaren Bukuru kasuwar Building Materials ta fi mata kusa. Kafin ki sayi komai ki zaga ki tambayi mutum uku, ki sa hannu cikin buhun ki duba ƙasan, ba na saman da aka yi wa ado ba. In kin samu mai awo mai gaskiya ki riƙe shi, in ya saba da ke zai riƙa miki gyara har ya faɗa miki ranar da kaya zai tashi.

Ki je da takardarki, ki je a ƙoshe, kuma kada ki je da yara. Ki sayi na takarda tukuna daga sama zuwa ƙasa, tsaba farko.

Babban sirrin arha shi ne sari, kuma mace ɗaya ba ta iya buhu. Mu huɗu ne a layinmu muke haɗa kuɗi, mu sayi buhun masara ɗaya, jarkar manja ɗaya, kwandon tumatir ɗaya, mu ɗauki keke ɗaya, a zo tsakar gida a raba da mudu ɗaya a gaban kowa. In kuna da wanda ke zuwa Mangu ku ba shi saƙon masara, mai zuwa Bokkos kuma dankali, can ne tushensu. Sai dai ku lissafa kuɗin mota da na dako kafin ku ce ya fi arha, wani lokacin in an haɗa duk ɗaya ne.

Gargaɗi: a haɗin kuɗi kada a yarda da "ku sa min zan kawo gobe". Mun taɓa yi, ya kusa raba zumunci. Kuɗi a hannu kafin a tafi kasuwa, kuma mutum biyu su je, ba ɗaya ba.

Ki san lokacin kowane abu. Hatsi yana sauka da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, ya yi tsada tsakiyar damina, don haka in za ki kwashi babban adashe ki nemi na kaka. Tumatir da tattasai da albasa suna arha da rani lokacin da kayan lambu suka fito, su yi wuta farkon damina. Dankalin turawa yana cika kasuwa in na damina ya fito, a lokacin ki rage shinkafa ki ƙara dankali a jadawali. Jadawalin yana bin kasuwa ne, in abu ya yi tsada ki cire shi ki sa ɗan uwansa.

Da yamma masu ganye da tumatir sukan sauke farashi don kada kaya ya kwana. Tumatirin da ya ɗan fashe babu laifi in yau za ki tafasa shi, amma wanda ya yi farin gashi ko yake wari ki bar musu ko kyauta ne.

6. Ranar da kika dawo, ki gyara kaya kafin ki huta

Na san gajiya, amma kayan da aka jibge a lungu "sai gobe" su ne ke lalacewa.

Wake: ki tsince, ki shanya a rana ya bushe ƙarau, ki zuba a jarka mai tsabta busasshiya ki cika ta har wuya ki toshe murfin da leda. In iska ba ta shiga ƙwari ba sa rayuwa. Na amfanin sati ki ɗiba daban a ƙaramar roba don kada ki riƙa buɗe babbar kullum. Mai ajiye buhu guda ta nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, ana samu wajen masu kayan noma.

Gargaɗi: don Allah kada ki zuba Sniper ko wani maganin ƙwari a abincin da yara za su ci. Guba ce. In kin buɗe wake a kasuwa kika ji warin magani ki wuce gaba.

Masara da gyaɗa: duk ƙwayar da ta yi baƙi ko kore ko fumfuna ki tsince ki zubar, tana ɗauke da dafin da ke taɓa hanta kuma dafuwa ba ta kashe shi. Kada ki niƙa garin wata gaba ɗaya da damina, Jos akwai laima, na sati biyu ya isa, ki baza ya huce kafin ki rufe.

Tumatir: ki markaɗa da tattasai da attaruhu da albasa, ki tafasa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, ki soya da mai har man ya taso sama. Wannan shi ne uwar miyarki ta sati, daga ciki za ki ɗiba ki yi dafa-duka, fate, miyar shinkafa. In babu firij ko wuta ba ta tsayawa, ki ɗumama safe da yamma, ki riƙa ɗiba da busasshen cokali. Lokacin arha kuma ki yanka ki shanya ki yi kauɗa, ranar da tumatir ya gagara za ki gode wa kanki. Haka kuɓewa da zogale, sai dai zogale a inuwa ake busar da shi.

Dankali: ki baza a ƙasa wuri mai duhu da iska, ba cikin leda ba, kuma nesa da albasa. Wanda ya yi kore ko ya tsiro sosai kada ki ba yara.

7. Garin kunun yara da awara

Waken suyar nan mudu biyu aiki biyu yake min. Ɗaya awara ranar Lahadi, da ruwan tsami ko tsamiya, dusar kuma ba na zubarwa, ina zuba kaɗan a miya ko cikin ƙullun ƙosai. Ɗayan kuma garin kunu: gero ko masara gwangwani 6, waken suya 3, gyaɗa 1. Ki soya kowanne daban sama sama har ya yi ƙamshi, waken suyar ki ɓarza ki fece ɓawon, ki haɗa da 'yar citta ki kai inji. Cokali uku a dama da ruwan sanyi a zuba a tafasasshen ruwa ya dahu minti kaɗan, an gama karin safe. Tun da na fara wannan na daina sayen madarar gwangwani da garin shayi sai da Sallah.

Gargaɗi: waken suya dole ya soyu ko ya dahu sosai, ɗanyensa yana ɓata ciki. Jaririn da bai kai wata shida ba kuma nono kawai, wannan kunun na bayan nan ne.

8. Rage kuɗin wuta

Wake ki jiƙa tun dare, ya fi saurin dahuwa ba sai kin cika masa kanwa ba. Ki dafa na kwana biyu lokaci ɗaya. Ki rufe tukunya. In kin sauke tuwo kada garwashin ya tafi a banza, ki ɗora ruwan wankan yara ko ruwan kunu ki juye a filas. Gas na girkin sauri ne da safe, wake da tuwo na gawayi. Gawayin ma rabin buhu ya fi ƙulli ƙulli, kuma ki saya kafin damina ta kankama, domin jiƙaƙƙen gawayi ga tsada ga hayaƙi.

Gargaɗi: lokacin sanyin Disamba da Janairu kada ki shigar da murhun gawayi ɗaki ki rufe ƙofa da taga don yara su ji ɗumi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, mutum barci kawai zai ji ya tafi ke nan. A waje ko inda iska ke ratsawa.

9. Abincin makaranta

Kuɗin tara na yara uku in kika haɗa na wata zai ba ki tsoro, kuma alawa da biskit suke saya da shi. Ki sayi ƙananan kula sau ɗaya, ki ƙara gwangwani ɗaya a girkin da za ki yi da asuba ko ki zuba musu dafaffen dankali da yaji, awara, alale, gyaɗa, da gorar ruwa. Kuɗi kuma sau ɗaya a sati, ranar Juma'a, don kada su ji an bambanta su da 'yan ajinsu.

Gargaɗi: shinkafar da ta kwana a waje kada ki zuba wa yaro ya tafi da ita har rana, ita ce ta fi saurin juya ciki. Tuwo ne ke jure kwana, shi ma a tafasa shi sosai.

10. Satin ƙarshe

Ranar 21 ga wata ki buɗe robobi ki auna abin da ya rage da gwangwaninki, ki raba da kwanakin da suka saura. In shinkafa ta yi ƙasa ki mai da ranarta ta fate ko ɗanwake tun yanzu, kada ki jira sai ta ƙare. Wannan satin ne na kuka da kauɗa da busasshiyar kuɓewa, shi ya sa tun farkon wata ba na taɓa su sosai, ɗanyen ganye nake fara ci.

Bashin mai shago shi ne ramin da ya fi wuyar fita, za ki karɓa a farashin ƙulli, ki biya da kuɗin da ya kamata ya sayi mudu, wata mai zuwa ki sake komawa. In ya riga ya taru ki je ki same shi ku yi magana, ki ce malam zan riƙa kawo kaza duk wata, ki cire shi daga kuɗin ɓoyon nan, kuma ki daina karɓar sabo.

Wata na farko lissafin ba zai fita daidai ba, nawa manja ne ya ƙare tun ranar 18, wake kuma ya yi saura har mudu biyu. Ki rubuta a littafin abin da ya ƙare da ranar da ya ƙare, da abin da ya yi saura, sai ki gyara takardar kasuwa ta wata mai zuwa da shi.